Ku bar yaro ya zama malaminku

Iyaye, idan yaronku zai shiga gasar lissafi, ku daina tsare shi da tambayoyi. Ku miƙa masa biro da takarda, shi ya koya muku.

Tambaya ɗaya a rana ta isa.

Misali, ya tara lambobi daga 1 zuwa 100. Kar ku karɓi amsa kawai. Ku ce, "Ban gane ba, nuna mini." Sai ya haɗa 1 da 100, 2 da 99, ya ga kowanne 101 ne, har sau 50. Amsa 5050.

Inda ya yi tuntuɓe a bayani, nan giɓin yake, kuma da kansa zai gano. Fargaba ma tana raguwa, tunda ba jarrabawa ake masa ba. Ku dai kama bakinku, saurin gyara yana ɓata dabarar.

Ba ta aiki idan bai haddace jadawalin sau ba, sai an fara daga nan. Ba ta koya sauri kuma. Idan gasa ta matso, ku sa agogo ya gwada tambayoyin shekarun baya.