Yadda ake raka mai taɓin ƙwaƙwalwa asibiti ba tare da an tozarta shi ba

Aikina jinya ne a sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa, kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake kawo mana mutane. Yawanci da wayo ake kawo su: "Taso ka raka ni dubiya." Sai bawan Allah ya tsinci kansa a gaban likita, ƙarti biyu na riƙe da shi. Daga ranar ya daina yarda da kowa a gidan, har tuwon da mahaifiyarsa ta tuƙa sai ya ce an sa masa wani abu.

Don haka ku faɗa masa gaskiya tun daga gida. Ku nemi wanda yake jin maganarsa, ba lallai sai babba ba. Wani ƙanwarsa ce, wani abokin da suka taso tare. A fara da abin da shi kansa yake kuka da shi: "Yaya, kwana biyu ba ka barci, ka rame. Mu je likita ya duba ka, ina tare da kai." Idan ya ƙi yau, a sake gobe, muddin ba ya neman cutar da kansa ko wani.

In ya ce yana jin muryoyi ko ana bin sa, kada ku ƙaryata shi, kada kuma ku gaskata don a zauna lafiya. Ni abin da nake cewa shi ne: "Ban ji su ba, amma na ga suna tsorata ka." In ya harzuƙa, a kori 'yan kallo, mutum ɗaya ya yi magana a hankali, a bar masa hanyar ƙofa. Sai dai in ruɗewar ta zo farat ɗaya da zazzaɓi, sanƙarewar wuya ko jijjiga, ku wuce sashen gaggawa, don zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau kan zo a haka. Mai jego da ta rikice a makonnin farko ita ma kada a kwana da ita a gida.

Mari da bulala ba su cikin magani. Kowa ya ga hotunan mutum fiye da 300 da 'yan sanda suka fitar daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a 2019, wasu da sarƙa a ƙafa. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma ba majinyaci haƙƙin a yi shawara da shi kan jinyarsa. Abin ma ba baƙo ba ne: tun a 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Dakta Adeoye Lambo, ya fara saukar da majinyata tare da danginsu a gidajen ƙauyen Aro, kusa da Abeokuta, suna zuwa asibiti da rana.

Ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau kuka je, ko na Barnawa, ko na Kware, ko na Maiduguri, ku bar shi ya fara magana. Nan dangi suka fi yin ɓarna. Likita ya tambayi majinyaci sunansa, sai kawu ya amsa. Ku zauna gefensa, ku ƙara naku bayan ya gama, in ya nemi ku fita ku fita. Ku zo da duk abin da yake sha, har rubutu da jiƙo, kuma kada kunya ta sa ku ɓoye wiwi, tiramol ko kodin. Ba ma hana kowa addu'a ko ruƙiyya. Roƙonmu kawai kada a ce ya ajiye maganin asibiti saboda su.

Maganin ciwon damuwa kan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a ga sauƙi, don haka kada a yanke ƙauna a kwana uku. Magungunan ruɗewa irin su haloperidol kuwa kan sa taurin jiki, rawar hannu ko dalalar miyau. Mutane sai su ce ciwon ne ya ƙaru, alhali maganin ne, kuma likita na iya rage shi, ya canza, ko ya ƙara wani da ke kwantar da hakan. In majinyaci ya ce ƙwayar na kashe masa jiki har ba ya iya zuwa shago, ku kai ƙorafin yadda ya faɗe shi. Wanda shan ƙwaya kullum ke gundura, akwai allurar da ake yi duk bayan 'yan makonni. A tambaye shi wanne ya fi so. Kafin azumi a nemi likita ya tsara lokutan sha.

Akwai tambayar da kowa ke gudu: "Kana tunanin kashe kanka?" Ku yi ta kai tsaye, ba ta cusa wa mutum tunanin. In ya ce e, kada a hau shi da wa'azin wuta. A kawar da fiya-fiya, igiya da tarin magunguna, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar.

Bayan sallama, a mayar masa da wurinsa a tire ɗaya da kowa, da aikin da zai iya, ko kiwon awaki ne ko zaman shago rabin yini. Katin asibitin ma a hannunsa ya kamata ya zauna, ku dai ku rubuta ranar komawa a jikin kalanda.