Baƙin Matuƙan Jirgi a Yaƙin Biyafara: Inda Masu Wasan Yaƙi na Kan Tebur Ke Tuntuɓe

Duk mai wasan yaƙi na kan tebur, irin wanda ake shimfiɗa taswira a jera ƙananan jiragen roba a jefa dayis, in ya ɗauko yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, baƙin da suka tuƙa jirage ne ke fara ɗauke masa hankali. Labarinsu na da daɗin ji, kuma tun ana cikin yaƙin ake ƙara masa gishiri.

Kuskuren da ya fi ɓata wasa shi ne a kwaso dokokin Yaƙin Duniya na Biyu, inda jirgi ke farautar jirgi a sama, a ɗora su a kan wannan yaƙi. Biyafara ba ta taɓa tayar da jet na faɗa ba. Jiragen da Carl Gustaf von Rosen ɗan Suwidin ya kawo wa Biyafara a watan Mayun 1969 guda biyar ne ƙirar MFI-9B, na koyon tuƙi, masu kujeru biyu da inji mai ƙarfin doki 100. A Gabon aka haɗa su, aka ɗaura wa kowanne rokoki 12 na Faransa masu faɗin milimita 68. Gudunsu bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na MiG-17, jet ɗin faɗa na gwamnatin tarayya, ba. Wanda ya sa su gaba da gaba da MiG a tsakiyar tebur ya ƙirƙiro wani yaƙin ne daban.

Yadda suke aiki shi ne su bi ƙasa-ƙasa daf da kan bishiyoyi, ba mai magana a rediyo, su faɗa wa filin jirgi tun jiragen gwamnatin tarayya na ajiye, su zube rokokin su juya. Haka suka yi a Fatakwal ranar 22 ga Mayu, sannan Binin da Inugu a kwanakin da suka biyo baya. Don haka dokokinka su karkata ga abin da ya yanke hukunci a zahiri. An hango su kafin su iso? Masu bindigar kakkaɓo jirage suna kan bindigoginsu? Mai zai kai su gida? Ɗan wasan da ke riƙe da ɓangaren tarayya shi ma ba zai zauna hannu rabbana ba, aikinsa ya warwatsa jiragensa, ya ɓoye su, ya zaɓi inda zai girke bindigogi.

Sai kuskuren gwamutsa lokuta. Za ka ga an ajiye jirgin Jan Zumbach kusa da na von Rosen kamar tare suka yi aiki. Zumbach, tsohon matuƙin Folan da ya yi yaƙi a rundunar 303 a Birtaniya, a 1967 ya yi wa Biyafara nasa aikin, da sunan aro John Brown, har ya kai hari filin jirgin Makurɗi a farkon yaƙin. Kafin Inugu ta faɗi a watan Oktoba na shekarar, zamanin jirgin nasa ya ƙare. Jiragen T-6 da 'yan Fotugal suka tuƙa wa Biyafara kuwa sai ƙarshen 1969 suka shigo. A ɓangaren tarayya ma haka ne: MiG na farko sun sauka a Kano a watan Agustan 1967, manyan jiragen bam na Il-28 kuma sai a 1968. Maganin wannan mai sauƙi ne. Ka tsayar da wata da shekara tukuna, sannan ka buɗe akwatin jirage.

Tun da an ambaci Zumbach: jirgin bam ɗinsa, B-26, Douglas Invader ne, ba Martin Marauder ba. Jirage ne biyu daban da suka taɓa ɗaukar lamba ɗaya a rundunar Amurka, kuma ba wuya mutum ya sayo na roba wanda ba shi ba.

Wani wurin da ake sakaci shi ne zuba baƙin nan duka a kwando ɗaya a ce 'yan sa-kai ne. Von Rosen ya fara ne da jigilar kayan agaji daga tsibirin São Tomé zuwa filin jirgin Uli na Biyafara a 1968, abin da ya gani can ne ya tunzura shi ya ɗauki makami, kuma dama tun 1935 yake irin wannan, lokacin da ya tuƙa jirgin ɗaukar marasa lafiya a Habasha. Matuƙan Masar da suka yi wa tarayya aiki gwamnatinsu ce ta turo su. 'Yan Birtaniya da Afirka ta Kudu da suka hau jiragen jet na MiG da L-29 na tarayya kwangila suka sa wa hannu, albashi ya kawo su. Wannan bambanci ya kamata ya fito a wasa. Ɗan kwangila na iya ƙin tashi in bai ga kuɗinsa ba, wanda gwamnati ta turo yana da umarnin da ba zai ƙetare ba, mai aƙida kuma zai shiga haɗarin da sauran biyun za su kauce wa.

A nan ina ganin an fi zaluntar Misirawa. Kusan kowa maki mafi ƙasƙanci yake ba su, ba tare da ya tambayi kansa daga bakin wa ya ji ba. Yawancin abin da ake karantawa a kansu da Turanci ya fito ne daga 'yan kwangilar da ke neman gurbinsu, ko daga 'yan jaridar da ke zaune a ɓangaren Biyafara. Zargin da aka yi musu na jefa bam a kasuwanni da asibitoci babba ne, bai kamata a share shi ba. Amma auna gwanintar matuƙi da shaidar abokin gasarsa kaɗai ba bincike ba ne.

Haka lissafin ɓarna. Biyafara na da kamfanin Markpress a Janiba da ke yaɗa sanarwarta, Legas kuma na da nata dalilin rage asara a baki. Matuƙin da ya wuce a guje ya ga hayaƙi zai rantse ya ƙona jirgi, alhali wataƙila ramuka ne aka toshe cikin mako guda. In ka gina dokar roka a kan iƙirarin matuƙa, jirage biyar za su gama da rundunar sama ta tarayya kafin a sha shayi. Ka jera iƙirarin kowane ɓangare gefe da gefe, ka nemi hoto ko lambar jirgin da aka tabbatar ya salwanta, sannan ka sa sakamako uku a dokarka: kuskure, lahani mai gyaruwa, da ƙonewa ƙurmus, na ƙarshen ya zama shi ne mafi wuyar samu.

Kada kuma ƙyallin baƙi ya rufe 'yan gida. Cikin matuƙa biyar na hare-haren farko na von Rosen, uku ne 'yan Suwidin, biyu 'yan Biyafara ne, Augustus Okpe da Willy Murray-Bruce. Shugaban rundunar sama ta Nijeriya, Kanal Shittu Alao, da kansa yake tuƙi, kuma a haɗarin L-29 ya rasu a watan Oktoban 1969.

Game da Uli, titin mota da aka faɗaɗa ya zama filin jirgi, da dare ake sauka ana kunna fitilu na ɗan lokaci, wani jirgin tarayya na shawagi a sama yana jiran haske ya saki bam. Wasa mai kyau na fitowa daga nan, amma a tuna masu abinci da magani ne ke sauka tare da masu makamai, kuma harbo jirgin DC-7 na Red Cross ranar 5 ga Yunin 1969 ya jawo wa Legas suka daga duniya. Wanda ya harbo jirgin agaji a teburinka, a rage masa maki.