Kafin sufeto ya zo duba tukunyar tururi

'Yan uwa masu kula da tukunyar tururi, don Allah kada ku jira sai ranar zuwan sufeto kafin ku waiwayi bawul ɗin tsaro. Na taɓa ganin wani bawul da aka ɗaure da waya wai don yana tsiyaya, har wayar ta yi tsatsa. Jikina ya yi sanyi. Wannan bawul shi ne ƙofar da tururi ke fita idan matsi ya wuce ƙima, ga shi ruwa in ya zama tururi yakan kumbura kusan sau 1,600. In yana tsiyaya, a kira ƙwararre ya gyara, ya sake saita shi.

Gilashin duba ruwa kuma a riƙa buɗe famfonsa ana wanke shi duk canjin aiki, don laka kan toshe shi ya nuna akwai ruwa alhali tukunya ta kusa ƙafewa. In ruwan ya ɓace daga gilashin, a kashe wuta nan take. Kada a kuskura a tura ruwan sanyi kan ƙarfen da ya yi ja, a bar shi ya huce.

Duk gwajin da kuka yi ku rubuta shi a littafi da kwanan wata da sa hannu. Sufeto zai nemi littafin nan, tare da takardar shaidar binciken baya.