Yadda Ake Zaɓen Hular Kwano Ta Hawan Dutse

Ranar da hular kwano ta cece ni, ko hawa ban yi ba. Ina tsaye ne a gindin dutse ina riƙe wa abokina igiya, shi kuma yana can sama, kamar mita 20 tsakanina da shi. Ƙafarsa ta zame, ta ɓantaro wani dutse da bai fi ƙwan kaza ba. Kafin ihunsa ya iso kunnena na ji ƙas a tsakar kaina, kunnuwana suka yi ɗum. Bayan na sauko da shi na cire hular, sai ga ɗan rami a samanta daidai shigar babban yatsa, soson ciki kuma ya tsage daga tsakiya har kusa da goshi. Dutsen da ya faɗo daga mita 20 yana isowa ƙasa da gudun kusan kilomita 70 a awa ɗaya. Shi ya sa idan wani ya ce zai sayi hula, nakan so ya zauna mu bi abin daki-daki.

Da farko, ka san irin hawan da za ka yi

Haɗarin kai a wurin hawa iri biyu ne. Ko dai abu ya faɗo maka daga sama, kamar dutse, ƙanƙara ko ƙarfen da ya suɓuce wa wanda ke gabanka, ko kuma kai ka faɗi ka bugi dutse. Na biyun ne mutane suka fi mantawa da shi. Idan igiya ta ratsa ta bayan ƙafarka kuma ka faɗo, takan wuntsila ka, kanka ya koma ƙasa, ƙeyarka ce ke fara dukan bango. Tsofaffin huluna da yawa tsakar kai kawai suke karewa, gefe da ƙeya ba su da wani soso na kirki.

Saboda haka ka tambayi kanka gaskiya. Idan kai ne mai jan gaba, mai hawa yana saƙala igiya, faɗuwa ta zame maka dole wata rana, don haka kana buƙatar hular da ta sauko ta rufe gefen kai da ƙeya. Idan dogayen duwatsu masu ɓurɓushi za ka riƙa hawa na yini guda, ka nemi mai ƙwarin sama wadda ba ta da nauyi. Idan kuma hula ce ta koyo, ko wadda mutane da yawa za su riƙa amfani da ita, ƙarko ne a gaba.

Na biyu, juya ta ka karanta cikinta

Kafin launi ko suna su ja hankalinka, ka leƙa cikin hular ka nemi rubutun EN 12492. Wannan ita ce ƙa'idar Turai ta hulunan hawan dutse. Wasu kuma za ka ga suna ɗauke da tambarin UIAA 106, na ƙungiyar masu hawan duwatsu ta duniya, wadda aka kafa a garin Shamoni na Faransa a 1932.

Kafin hula ta sami wannan lamba ana jarraba ta. Ana sako mata ƙarfe mai nauyin kilo 5 daga tsayin mita 2 a tsakar kai, kuma ƙarfin da ya ratsa zuwa kai bai kamata ya wuce kilonuton 10 ba, wato kusan nauyin tan guda. A ma'aunin UIAA kilonuton 8 ne iyaka, ya fi tsauri ke nan. Ana kuma dukan goshi da gefe da ƙeya daga rabin mita, sannan a sako ƙarfe mai tsini na kilo 3 daga mita 1 a ga ko zai huda ta. Ka lura da bambancin nan, mita 2 a sama amma rabin mita kawai a gefe. Wato lambar mafi ƙarancin abin da ake nema ce, kuma huluna biyu masu lamba ɗaya za su iya bambanta sosai wajen kare ƙeya. Idonka ne zai raba maka su.

Kada ka ce hular keke ko ta leburan gini za ta wadatar. Ta keke, mai lamba EN 1078, ramukanta manya ne, dutse mai tsini zai iya bi ta ciki. Ta ma'aikata, EN 397, an yi maɗaurin haɓarta ne ya tsinke da wuri idan ta maƙale a wani abu, don kada ta shaƙe mai ita. Ta hawan dutse kuwa ana so maɗaurinta ya riƙe kamar nauyin kilo 50 bai saki ba, domin wanda ke gangarowa yana iya bugun dutse sau biyu ko uku, ba a so hular ta bar kansa tun a bugun farko.

Na uku, da me aka yi ta?

Akwai mai taurin baya, wadda aka yi ɓawonta da roba mai kauri da ake kira ABS. Tana jure wahala, a jefa ta a jaka, a ɗora mata kaya, ba ta damu ba. Nauyinta yakan kai giram 300 zuwa 400, kuma ta fi zafi a ka. Half Dome ta kamfanin Black Diamond da Boreo ta Petzl suna cikin wannan rukuni.

Sai mai soso zalla da ɗan siririn ɓawo a sama. Soson nan iri biyu ne, kuma bambancinsu yana da muhimmanci. EPS shi ne dangin farin abin nan mai tauri da ake tokare na'ura da shi a cikin kwali. Yana shanye duka ta hanyar murƙushewa, kuma idan ya murƙushe shi ke nan, ba ya dawowa. EPP kuwa ya fi laushi, idan ka danna shi da yatsa yakan loɓa ya dawo, don haka ya fi jure ƙananan bugu na yau da kullum. Sirocco ta Petzl, wadda akasarinta EPP ce, ba ta kai giram 200 ba. Illar masu soso ita ce suna son lallaɓawa. Wanda ya zauna a kan jakarsa da hular a ciki zai iya fasa ta bai sani ba.

Wasu huluna suna da ƙarin shimfiɗa a ciki mai suna MIPS, ƙirƙirar ƙasar Suwidin, wadda ke barin hular ta ɗan zame a kan kai idan duka ya zo a karkace, don rage murɗewar da ke girgiza ƙwaƙwalwa. Abu ne mai kyau, amma ni ba zan bar hular da ta zauna mini daram saboda shi ba.

Ga wanda ke farawa, nakan ba da shawarar mai taurin baya wadda sosonta ya sauko har gefe da ƙeya.

Na huɗu, gwaji, kuma nan ne aikin yake

Ɗauki tef ɗin awo irin na tela, ka zagaya kanka da shi, kamar yatsu biyu a saman gira, ya bi ta saman kunnuwa ya wuce ta inda ƙeya ta fi tudu. Idan babu tef, zare ma ya isa, sai ka auna shi a kan rula. Yawancin huluna girma biyu ake yi musu. A wurin Petzl, misali, ƙarama tana ɗaukar santimita 48 zuwa 58, babba kuma 53 zuwa 61. Idan awonka ya faɗa inda suka haɗu, ka gwada duka biyun.

Sai dai awo bai isa ba, domin kai ba iri ɗaya ba ne. Wani kansa zagayayye ne, wani kuma dogo ne daga goshi zuwa ƙeya, kowane kamfani kuma da irin ƙirar da yake bi. Hular da ta yi wa abokinka cif za ta iya matse maka gefen kai, ta bar fili a goshi. Don haka ka sa ta a kanka, ka bi waɗannan:

Ka sassauta abin murzawar da ke baya gaba ɗaya, ka ɗora hular a miƙe, bakinta na gaba ya tsaya kamar yatsu biyu a saman gira. Idan ta koma baya ta bar goshi a buɗe, ba ta zauna ba. Yanzu ka murza har ka ji ta kama kan ko'ina daidai, ba tare da ta cije ka a wuri guda ba.

Kada ka ɗaure haɓa tukuna. Ka girgiza kai hagu da dama, ka sunkuya kamar mai ɗaure takalmi. Hular da ta dace ba za ta faɗi ba ko da maɗaurin yana lilo. Idan ta faɗi, ko dai ta yi maka girma ko ƙirarta ba ta kanka ba ce, kuma matse haɓa ba zai gyara wannan ba.

Sannan ka ɗaure. Igiyoyin gefe biyu su haɗu a ƙarƙashin kunne kaɗan, kada su hau kan kunnen. Tsakanin maɗauri da haɓarka yatsa ɗaya ko biyu su shiga, ban da fiye da haka. Ka buɗe baki kamar mai hamma, ya kamata ka ji hular ta ɗan jawo ƙasa. Ka sa tafin hannu ka tura bakinta sama daga goshi, ka kuma tura ta gaba daga ƙeya. Idan ta rufe maka ido ko ta buɗe goshi, ka sake gyarawa, in ta ƙi ka ajiye ta.

Akwai gwajin da mutane kan tsallake: ka ɗaga kai ka kalli sama sosai, kamar yadda za ka yi ta yi in kana riƙe wa wani igiya. Wasu huluna suna tokare wuya ta baya, wasu bakinsu na gaba yana tare gani. Idan kana hawa da jakar goyo, ka goya ta ka ga ko samanta yana tura hular gaba. Idan kana sa tabarau, ka gwada da shi. Mai kitso ko yawan gashi ta gwada da gashin yadda zai kasance ranar hawa, akwai ma hulunan da aka yi wa tsaga ta baya saboda ɗaurin gashi. Mai zuwa wurin sanyi kuma ya gwada da siririyar hula a ciki.

Daga nan ka bar ta a kanka na minti goma ko sha biyar. Ɗan matsin da ba ka ji ba a minti na farko shi ne ke zama ciwon kai bayan awa uku, kuma na sha ganin masu hawa sun cire hula sun rataye ta a ɗamara saboda ta dame su, a daidai wurin da duwatsu ke zubowa. Wannan ne dalilin da ya sa nake fifita zaman hula a kai a kan nauyinta da sunanta da komai.

Na biyar, ƙananan abubuwa

Ka duba ramukan shan iska, ka tabbata akwai maƙalan fitilar goshi, ka gwada ko za ka iya murza abin baya da hannu ɗaya. Launi mai haske ba ya ɗaukar zafin rana sosai, kuma an fi hango shi daga nesa idan ana neman ka.

Na shida, ranar ƙira da ranar rabuwa

A cikin hular akwai ranar da aka ƙera ta. Ka duba, domin roba tana tsufa ko a ajiye take. Petzl na sa iyakar shekara 10 daga ranar ƙira ga kayansa na roba da na yadi, sauran kamfanoni kuma kowa yana rubuta nasa a takardar da ke zuwa da hular. Kada ka sayi wadda wani ya riga ya yi amfani da ita, don tsagewar soso takan ɓuya a ƙarƙashin ɓawo.

Idan ka kai ta gida, kada ka fenta ta, kada ka bari man fetur ko maganin sauro na shafawa ya taɓa ta, kada kuma ka bar ta a cikin motar da ke tsaye a rana. Ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu marar ƙarfi sun isa wanki, sai a shanya a inuwa. A jaka, ka sa ta a sama, ka cusa riga a cikinta. Kafin kowace fita ka ciro ƙyallayen ciki, ka ɗaga ta wajen haske, ka bi soson da yatsa kana neman tsaga ko loɓawa, ka ja maɗaurin ka ga ko ɗinkinsa ya fara warwarewa. Idan kuwa ta taɓa shan duka mai ƙarfi, ko ba ka ga komai a jikinta ba, ka yanke maɗaurinta don kada wani ya tsinta ya sa, sannan ka yar da ita.