Yadda Ake Duba Tsohuwar Bindigar Farauta Kafin A Biya Kuɗi

Da zarar kaka ta yi, ciyawa ta bushe, sai ka ga sababbin shiga farauta a nan Jos suna cigiyar tsohuwar bindiga. Kuskurensu ɗaya ne: su ga ƙota tana sheƙi, su ji farashi da sauƙi, su zaro kuɗi.

Da farko dai, cire ranka daga bindigar soja. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigogin yaƙi masu cin harsashi 7.62 da .303 cikin haramtattu, har da tsohuwar Lee-Enfield da 'yan sanda suka riƙe a da. Duk wanda ya ce maka "ai rarar ta soja ce aka yi gwanjonta", gidan yari yake tallata maka. Abin da mafarauci zai nema shi ne mai baki ɗaya ko mai baki biyu, lasisinta kuma a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda yake. Bindigar toka ce Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba wa izini. A 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sabon lasisi, don haka ka fara zuwa hedikwatarsu ka ji inda aka kwana. In ƙofa a rufe take, ka haƙura. In a buɗe take, ka bi ta hannun dillali mai rajista, takardarka a hannu.

Ka isa gaban bindiga? Karya ta, wato ka buɗe ta a mahaɗinta, ka ga da idonka babu harsashi. Sannan ka gwada lambar da ke jikinta da ta takardar mai ita. Lambar da aka goge ko aka sake bugawa, ka yi sallama ka fita.

Yanzu bututu, kuma a nan ni aka ci ni. Ta farkon da na saya, mai ita ya shafe cikinta da mai, na leƙa na ga tana walƙiya kamar madubi. Sai da na wanke ta a gida na ga tsatsa ta yi mata ramuka kamar zanzana. Daminar Jos ba ta barin ƙarfen da aka jingine a bayan ƙofa. Saboda haka ka je da tsummanka da sandar gogewa, ka share man nan tas, mai ita ya so ko ya ƙi. Cire bututun, ka ɗaga shi wajen haske, ka leƙa ta kowane ɓangare kana juya shi a hankali. Lafiyayye za ka ga zobba-zobban haske a daidaice, ɗaya cikin ɗaya. Inda zoben ya karkace, akwai lotsawa ko kumburi. Bi bayansa da yatsu ma, hannu kan ji abin da ido ya tsallake. Lotsawa ƙarama mai gyara na iya tayar da ita, amma kumburi ba na ko tsayawa ciniki a kansa, domin wurin nan na iya fashewa. In mai baki biyu ce, rataye bututun da yatsa ka ƙwanƙwasa shi da farce. Ya yi ƙara kamar ƙararrawa, haɗinsa na nan daram. Ya yi "ƙwal" kamar fasasshiyar tukunya, ya soma rabuwa.

Juya ƙasan bututun ka karanta abin da aka buga. Lamba 12, wato girman bakin bututun, ita ce harsashinta ya fi samuwa, ni ba na ba kowa shawarar wata. Amma ka lura da tsawon mazaunin harsashi: tsofaffin 'yan Ingila da yawa milimita 65 ne, harsashin yanzu kuwa galibi 70. Zai shiga, bindiga ta rufu, shi ya sa mutane ke ruɗuwa, amma ba nata ba ne. Wadda kuma ƙarfenta ke da zane mai murɗe-murɗe, an ƙera ta ne don baƙin albarushin da, adon bango ce kawai. Bindigar Baikal ta Rasha ba ta da kyan gani, sai dai akwai juriya.

Mayar da bututun, kada ka sa katakon gaba, ka riƙe ƙota ka girgiza. In ka ji ƙwal-ƙwal, maƙullinta ya saki, gyaran kuma na cin kuɗi. Duba wuyan ƙota ko da tsaga, a nan take fara karyewa, masu wayo kuma kan rufe da fenti. Sa makarin kunama ka ja, bai kamata ta motsa ba. Alamar walda ko aikin maƙeri a jikin ƙarfe, a bar masa kayansa.

Ciniki kuwa, duk aibin da ka gano ka faɗe shi a rage maka. Kada ka ba da ko sisi sai an mayar da sunanka a takarda, kuma ka kai wa mai gyara ya duba kafin ka kai ta daji.