Shirin Ritaya a Yamai: Yadda Ake Haɗa Takardun Fansho Tun Kafin Shekara 60

Ma'aikacin kamfani ko na wata ƙungiya mai zaman kanta a Nijar, fanshonsa yana hannun CNSS ne, wato hukumar asusun kare ma'aikata ta ƙasa, wadda mutane suka fi sani da "kes". Ma'aikatan gwamnati kuwa nasu yana CARENI, kuma hanyarsu daban ce. Wannan bayani na masu CNSS ne.

Shekarun ritaya 60 ne, amma wanda ya bari sai ya cika 60 sannan ya fara neman takardu ya makara. A fara tun da sauran shekara biyu, domin gyaran kuskure a takarda ba aikin mako guda ba ne.

Da farko a ɗauki lambar rajistar CNSS da katin ɗan ƙasa a je ofishin kes, a nemi a fitar da lissafin watannin da aka zuba kuɗi. Fansho da watanni ake auna shi, ba da yawan shekarun da mutum ya tuna ya yi yana aiki ba. Daga albashin ma'aikaci ana cire kashi 5,25 cikin ɗari, mai aiki kuma ya ƙara nasa kason. Wato mai albashin jika ɗari, duk wata ana yanke masa jika biyar da dala hamsin. Sai dai yankewa daban, zubawa daban. Akwai masu aikin da ke cire kuɗin a takardar albashi su kuma ƙi kai shi kes, ko su rubuta albashin da bai kai na gaskiya ba. Ba a gane haka sai an jera takardun albashi wata bayan wata a gefen lissafin kes. Duk inda aka ga giɓi, a koma wurin mai aikin tun kamfanin yana raye. Idan ya rufe, takardar shaidar aiki da ta albashi su kaɗai ne hujja, shi ya sa ba a naɗe ƙosai da su. Wanda watanninsa ba su kai adadin da doka ta gindaya ba, kuɗi ake ba shi dunƙule sau ɗaya maimakon fansho, don haka wata uku ko huɗu da suka ɓace suna iya sauya komai.

Wanda ya yi aiki wurare da yawa, misali ya fara a Tawa ya ƙare a Yamai, ya tabbata lamba ɗaya gare shi. Wani sabon mai aiki yakan buɗe wa mutum sabuwar lamba don gudun wahalar neman tsohuwa, sai watanni su rabu gida biyu. A nemi a haɗe su.

Sai maganar ranar haihuwa, wadda ta fi kowace tsayar da takardu. Da yawa daga masu kusantar ritaya yanzu ba su da takardar haihuwa ta asali, sai hukuncin kotu mai ɗauke da shekara kawai. Idan shekarar da ke katin ɗan ƙasa ta saɓa da wadda aka rubuta ranar rajista, ko an rubuta Mahamadu a nan Mamman a can, sai an daidaita. Haka takardar aure da na haihuwar ƴaƴa. Mai mata fiye da ɗaya ya yi wa kowace tata, don ranar da ta Allah ta kasance, da ita za a ba matar kasonta. Waɗannan takardun su ne kuma ake dubawa wajen rangwamen harajin albashi na ITS, wanda ke bin yawan iyalin da ke wuyan ma'aikaci.

Da an tsayar da ranar barin aiki, a karɓi takardar shaidar daina aiki, a kai wa kes takardar neman fansho nan take, a kuma riƙe rasit mai kwanan wata. Tsakanin albashin ƙarshe da fansho na farko akan jira, to a tanadi abin cefane na ƴan watanni.

Batun lafiya kuma a yi hattara. Fanshon CNSS bai zo da inshorar asibiti ba, kuma inshorar da kamfani ya yi wa ma'aikaci galibi tana ƙarewa ranar da ya ajiye aiki. Don haka awon hawan jini da ciwon suga, gilashin ido, haƙori, ko tiyatar da likita ya daɗe yana magana, a yi su a shekarar ƙarshe. Takardun magani da rasit na kantin magani a kai wa inshorar ta biya kafin a rufe sunan mutum. Wanda kuma ya taɓa jin rauni a bakin aiki ya duba ko an sanar da kes a lokacin, domin wannan haƙƙi ne dabam da fansho, kuma shi ma sai da takardar likita ake bin sa.