Yadda Ake Zaɓen Salatef ɗin Rufe Kwali Don Kaya Mai Tafiya Nesa

Idan kwali ya buɗe a cikin tirela tsakanin Kano da Legas, ka duba salatef ɗin da aka rufe shi da shi. Sau da yawa za ka tarar bai tsinke ba, ɗagowa kawai ya yi daga jikin kwalin, wato gam ɗin ne ya saki. Shi ya sa mai sayen salatef don masana'anta ko sito ya kamata ya fara tambaya a kan gam, sannan kauri, sannan tsawo, farashi ya zo daga ƙarshe. Launi kuwa, ko mai haske ne ko ruwan ƙasa, ba ya ƙara masa ƙarfi kuma ba ya rage masa.

Tun kafin ka nemi dila, ka san nauyin kwalinka idan ya cika, ka san ko sabo ne ko tsoho, ka san irin zafi, sanyi ko danshin da zai ratsa, da kwana nawa zai yi a rufe. Da waɗannan amsoshi ake zaɓe.

Gam ɗin da ke jikin salatef

Iri uku ne suka fi yawa a kasuwa, kuma masu kera na kirki suna rubuta sunansu a jikin katon.

Na farko akirilik. Shi ne ya fi araha, kuma shi ya cika kasuwanninmu. Yana jure rana, ba ya yin ja ko ya bushe da wuri, yana aiki daga wajen digiri 0 har zuwa kusan 60 a ma'aunin Salshiyas. Rauninsa shi ne ba ya kama kwali nan take. Sai an danna shi sosai, kuma ƙarfinsa ba ya cika sai ya kwana ɗaya ko fiye a jikin kwalin. Wanda ya rufe kaya da shi ya loda a mota cikin minti goma, ya aika kayan tun gam ɗin bai gama kamawa ba.

Na biyu shi ne wanda ake rubuta wa Hot Melt, robar da aka haɗa a masana'anta aka narkar da ita a kan jikin salatef. Da ya taɓa kwali ya kama, kuma riƙonsa ya fi na akirilik nesa ba kusa ba, musamman a kan kwalin da aka yi da takardar da aka sake sarrafawa, wanda fuskarsa ke da kaushi da gajerun zaruruwa. Shi injinan rufe kwali suka fi so. Sai dai zafi na cinsa: idan ya doshi digiri 50 yakan yi laushi, ya fara zamewa a hankali har marfin kwalin ya rabu. Rana tana tsufar da shi da wuri, kuma a ɗakin sanyi yakan ƙage ya ƙi kamawa.

Na uku gam ɗin ɗanyar roba, wanda ake rubuta wa Natural Rubber ko Solvent. Yana kama kwali mai ɗan danshi, mai ɗan ƙura, yana riƙe a sanyi da zafi. Ya fi sauran tsada, amma ga masu kifin ƙanƙara, kaji, magunguna da duk abin da ke shiga ɗakin sanyi, kuɗinsa halal ne.

A nan ne mai aiki a Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Yamai yake shiga tsaka mai wuya. Ƙurar hunturu da kwalaye masu kaushi suna neman Hot Melt, zafin bazara da ke haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu kuwa akirilik yake nema, ga shi cikin kwantenar da ke tsaye a rana zafi na iya kaiwa digiri 60. Abin da ya fi dacewa shi ne a raba bisa tafiyar kayan. Kayan da za a rufe yau, a loda yau, ya isa hannun mai shi cikin 'yan kwanaki, a ba shi Hot Melt mai kyau. Kayan da zai yi watanni a sito mai rufin kwano, ko zai jira jirgi a Apapa ko Kwatano sannan ya yi makonni a teku, a ba shi akirilik mai kaurin gam, a danna shi sosai, a bar shi ya kwana kafin lodi. Idan kayan mai daraja ne, a haura zuwa ɗanyar roba ko salatef na takarda mai jiƙawa, wanda bayaninsa ke tafe.

Jiki, kauri da faɗi

Yawancin salatef ɗin kwali da ledar BOPP ake yin jikinsa. Yana da ƙarfin ja, amma da zarar gefensa ya ɗan tsage sai tsagar ta wuce gaba ɗaya, don haka naɗin da ya faɗi ƙasa gefensa ya ƙuje zai yi ta yagewa a hannun ma'aikaci. Akwai kuma na ledar PVC, wanda ba ya ƙara idan ana jansa kuma ana iya yanke shi da hannu, ya dace da ɗakin da mutane da yawa ke rufe kaya wuni guda.

Da maikiron ake auna kauri, kuma maikiron 1,000 ne milimita ɗaya. Idan takardar kayan daga Amurka take, za ka ga an rubuta mil. Mil ɗaya maikiron 25.4 ne. Ka tambayi dila ko adadin da ya faɗa na leda da gam ne a haɗe, domin a nan ake yawan ruɗa mai saye. Salatef mai maikiron 45 yakan zama leda 25 ko 28, sauran gam. Wani sai ya kaurara ledar ya rage gam ɗin, a hannu ka ji shi da ƙwari, a kan kwali kuwa ya ƙi zama.

A matsayin mafari, kwalin da bai wuce kilo 15 ba maikiron 40 zuwa 45 ya ishe shi. Daga kilo 15 zuwa 30 a nemi 48 zuwa 55. Abin da ya haura haka yana son 60 ko fiye, ko mai zare a ciki. Faɗin da aka saba da shi milimita 48 ne, wato kusan inci biyu. Idan kwalin babba ne, ko marfinsa biyu ba sa haɗuwa daidai a tsakiya, a koma milimita 72. Falle ɗaya na mai faɗi ya fi falle uku na siriri da aka jibga a kan juna, tunda na biyu da na uku a bayan ɗan'uwansu suke manne, ba su taɓa kwalin ba.

Na takarda da mai zare

Salatef na takarda mai jiƙawa gam ɗin sitaci ne da shi, sai an shafa masa ruwa yake kamawa. Gam ɗin yana shiga cikin kwalin ya bushe tare da shi, har ba a iya ɓare shi sai an yage fuskar kwalin. Wannan ya sa ya fi kowanne tona asirin mai buɗe kaya a hanya. Zafi ba ya narkar da shi, kuma mai zaren gilashi a cikinsa yana ɗaukar kwali mai nauyi da falle ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Yana buƙatar na'urarsa mai tankin ruwa da buroshi. Ruwa ya yi yawa, gam ya wanke. Ya yi kaɗan, ya ƙi kamawa. Lokacin hunturu iska na busar da shi da sauri, don haka a liƙa shi da zarar ya fito, kada a ja falle biyar a ajiye.

Mai zare a tsaye, wanda ake rubuta wa Filament, aikinsa ɗaure ne: haɗa bututu, ƙarafa, katako, ko zagaye kwali mai nauyi don kada cikinsa ya fashe. Ba a ɓarnatar da shi a kan kwalin biskit.

Salatef ɗin masu fenti, baƙi na masu wayarin, mai ruwan toka na gyaran bututu, da siririn na ofis, babu ɗaya a cikinsu da aka yi don rufe kwali, kuma manyan kamfanonin aika kaya irin su FedEx da UPS sun hana amfani da irinsu a ƙa'idojin shirya kayansu. Haka buhun roba da ake zuba zoɓo, riɗi ko citta, ɗinke shi ake yi, salatef ba ya zama a kan saƙarsa.

Tsawo da lissafin kuɗi

Girman naɗi a ido yaudara ne. Zoben kwalin da ke tsakiya faɗin cikinsa milimita 76 ne, amma wasu sukan kaurara bangonsa don naɗin ya yi ƙiba. Ana samun naɗi mai mita 50, 66 ko 100, da mai yadi 100 wanda mita 91.4 ne, na inji kuma yakan kai wajen mita 1,000. Idan kana shakkar abin da aka rubuta, ka auna faɗin naɗin duka da faɗin wajen zoben a milimita. Ka ninka kowanne da kansa, ka cire ƙarami daga babba, ka ninka da 0.785, ka raba da kaurin salatef ɗin a milimita, sannan ka raba da 1,000 don ka sami tsawon a mita. Naɗi mai faɗin 110, zobe 82, kauri 0.045 zai ba ka kusan mita 94. Kaurin kuma ana gane shi ta hanyar manna falle goma a kan juna a auna. Na maikiron 45 zai ba da milimita 0.45.

Sai a lissafa kuɗin a kan kowane kwali. Ɗauki kwali mai tsawon santimita 40, faɗi 30. Fallen tsakiya da rarar santimita 6 a kowane gefe ya zama 52, sama da ƙasa 104. Falle huɗu na gefuna, kowanne 40 (faɗi 30 da rarar 5 a kowane gefe), sun zama 160. Jimla mita 2.64, wato naɗi mai mita 66 zai rufe kwali 25. Salatef mai araha da sai an zagaya shi sau uku kafin hankali ya kwanta zai cinye ninkin haka, ga ɓata lokacin ma'aikata. Araha ba ta ado.

Gwaji kafin a sayi katon ɗari

Ka karɓi naɗi biyu ko uku daga masu sayarwa daban-daban, ka gwada su a kan ainihin kwalin da kake aiki da shi. Manna falle, danna shi, bar shi minti goma, sannan ka ɓare a hankali. Mai kyau zai taso da fatar kwalin a jikinsa. Wanda ya fito fes bai kama ba. Ka sake gwadawa bayan kwana ɗaya, saboda akirilik sai a lokacin yake nuna ƙarfinsa.

Don gwada riƙo, manna santimita biyu da rabi na bakin fallen a jikin kwalin da ke tsaye, ka rataya gorar ruwa mai lita ɗaya a ɗaya bakin, ka ga wanne zai riga zamewa. Ka maimaita a wuri mafi zafi a sitonka da tsakar rana. Sannan ka cika kwali kamar yadda za a aika shi, ka rufe, ka sake shi daga tsayin kimanin santimita 75 idan bai kai kilo 10 ba, a kan gindinsa, gefensa da kusurwarsa. Masu kera na gaske suna da takardar bayanin kaya mai nuna sakamakon gwajin ASTM, wato ƙa'idojin gwajin kaya na wata ƙungiya da ke Amurka, mai lamba D3330 na ɓarewa da D3654 na riƙo. Ka nema, ka kwatanta.

Liƙawa

Rabin matsalolin da ake ɗora wa salatef daga hannun mai liƙawa suke. A goge ƙura da busasshen tsumma kafin a manna. Tsohon kwalin taliya ko na sabulu a cire masa tsohon salatef, a guji wurin da mai ya taɓa. Kwalin da ya sha danshin damina har ya yi laushi a canza shi, domin fatarsa za ta biyo salatef ɗin ta ɓare.

A rufe shi a siffar harafin H: falle ɗaya a tsagar tsakiya, biyu a gefuna, sama da ƙasa, kowanne ya gangara aƙalla santimita 5 a jikin kwalin. Gindin ne ke ɗauke da nauyi, shi ya fi cancantar kulawa.

Kada a ja salatef har ya miƙe. Ledar da aka miƙar tana ƙoƙarin komawa yadda take, kuma bayan 'yan sa'o'i sai ka ga bakinta ya ɗago. Idan birkin na'urar hannu ta manna salatef ya yi tsauri a sassauta shi, a canza wuƙarta idan ta dakushe. Bayan mannawa a bi fallen da tafin hannu ko da leɓen robar da ke jikin na'urar, tun daga farko har ƙarshe, musamman bakunan biyu.

Cikar kwalin ma tana da hannu a ciki. Wanda aka cusa wa kaya har marfinsa na turowa zai yi ta jan gam ɗin dare da rana sai ya saki. Wanda bai cika ba kuwa marfinsa na lotsawa, ba a samun abin dannawa, kuma yana murƙushewa idan aka ɗora masa wani. A cike gurbin da takarda ko guntayen kwali har marfin ya kwanta daidai.

Kada a bi ta kan takardar adireshi mai layukan da na'ura ke karantawa. Ƙyallin leda na hana na'urar gani, kuma rubutun irin takardar da zafi ke bugawa yakan dushe a ƙarƙashin gam.

Ajiya

Salatef yana son wuri mai inuwa, tsakanin digiri 15 da 25, a cikin katon ɗinsa, a kwance, nesa da taga da janareta. Sito mai rufin kwano a bazara ya wuce haka sosai, don haka a nema masa ɗaki mafi sanyi, a ɗaga shi daga ƙasa a kan katako. Naɗin da zafi ya taɓa za ka ga tsakiyarsa ta turo gefe guda, ko gam na tsattsafowa a gefensa yana manne shi da na kusa. Masu kera da yawa shekara ɗaya suke ba da tabbaci a kanta, saboda haka a sayi abin da zai ƙare cikin wata shida zuwa goma sha biyu, a rubuta ranar shigowa a jikin kowane katon, a fara da wanda ya riga zuwa.